Cigiyar kalma: me za mu riƙa kiran "quorum" a zaman majalisar kansiloli?

Akawun Majalisa:
Assalamu alaikum. Jama'a, cigiya nake yi, kuma ta kalma ce.

An ɗora mini aikin mayar da ƙa'idojin zaman majalisar kansilolinmu zuwa Hausa, saboda sababbin kansilolin da aka rantsar. Su 11 ne, kuma duk muhawarar da ake tafkawa a zauren nan da Hausa ake yin ta, ni ne nake komawa ofis in juya ta Turanci idan zan rubuta bayanin zama. To ga takardar da ke tsara zaman kanta da Turancin lauyoyi, wadda rabin masu zaman ba su taɓa karanta ta har ƙarshe ba.

Yawancin aikin bai ba ni wuya ba. Ajanda kowa ya san ta. Gabatar da ƙuduri, mara wa ƙuduri baya, ɗage zama, sandar majalisa, duk suna nan a bakin mutane. Inda na cije shi ne quorum, wato mafi ƙarancin kansilolin da sai sun hallara kafin zama ya zama zama a idon doka. Takardarmu ta ce kashi 1 cikin 3, wato mutum 4 ke nan cikin 11. A yanzu abin da na rubuta shi ne "adadin kansilolin da doka ta ce sai sun halarta kafin zama ya halatta". Ku dubi tsawonsa. Kalmar kuwa ta fito a wurare da dama, har da sashen kwamitoci.

Ina son abin da kansila zai iya miƙewa cikin fushi ya faɗa da numfashi ɗaya, shugaban majalisa kuma ya gane nan take.

Tsohon Kansila:
Wa'alaikumus salam. Malam Akawu, kana neman wahalar da kanka. Zango biyu na yi a majalisa, "koram" muke cewa. Mutum ya miƙe ya ce, "Shugaba, babu koram," shi ke nan a tashi. Kansila fa? Ciyaman fa? Sakatare, kwamiti, ajandar da ka ambata da bakinka? Duk aro ne, kuma sun zauna daram.

Malamar Hausa:
Honarabul, ba aro nake ƙi ba, Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro ba. Amma ka lura da irin abubuwan da ka lissafa. Kansila mutum ne, ana ganinsa, ana zuwa ƙofar gidansa da safe. Ciyaman ma haka. Idan ido ya ga abu, kowane suna aka laƙaba masa zai kama. Shi kuwa wannan ba a ganinsa, sharaɗi ne, kuma sharaɗin da mutum bai fahimta ba da shi ake cutarsa. Ka ce wa sabon kansila "koram", kunnensa kora zai fara jiyowa, ko ƙorama.

Su kansu Turawan ba kalmarsu ba ce. Latin ce, kuma ma'anarta ba ta wuce "waɗanda daga cikinsu" ba. Tsinto ta aka yi daga tsakiyar jimla a cikin takardun da ake naɗa alƙalan sulhu da su a Ingila tun da can, inda ake cewa ga mutanen da aka naɗa, waɗanda daga cikinsu dole wane ko wane ya kasance a wurin. Guntun jimla ne ya zama suna. Idan muka are shi, mun ari ɓawo ne babu ƙwaya a ciki.

Ɗan Jarida:
Mu dai a ɗakin labarai "adadin da ake buƙata" muke cewa. "Majalisar ta ɗage zamanta saboda ba a samu adadin 'yan majalisar da ake buƙata ba." Mai sauraro yana ganewa. Wasu abokan aiki kuma sukan ce ba a samu rinjaye ba, ya fi gajarta.

Mai Shayin Sakatariya:
Ku sa "cikon benci" kawai. Na rantse akwai waɗanda ba a nemansu a waya sai ranar da ake son benci ya cika.

Tsohon Kansila:
Kai yaro, ka kiyaye ni. To idan koram bai yi muku ba, tunda Akawu ya ce kashi 1 cikin 3 ne, a ce "sulusi". Sulusin majalisa ya hallara, sulusi bai hallara ba. Ba baƙuwar kalma ba ce, duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san ta.

Barista:
Bari in fara da rinjaye, don ita ce mai haɗari, kuma ina roƙon Malam Ɗan Jarida ya isar wa abokan aikinsa. Quorum da rinjaye abu biyu ne daban. Ɗaya yana amsa tambayar "mutum nawa ne a zauren?", ɗaya kuma "mutum nawa ne suka yarda?". Ana iya samun na farko a rasa na biyu.

Ga misalin da muka gani a ƙasar nan. A watan Janairun 2006 'yan majalisar dokokin jihar Oyo 18 cikin 32 suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja, bayan zaman da suka riƙa yi a wani otal a Ibadan. Ta fuskar yawan masu halarta, 18 sun wuce abin da sashe na 96 na tsarin mulkin 1999 ya nema, domin kashi 1 cikin 3 ya ce, wato mutum 11. Amma tsige gwamna sai da kashi 2 cikin 3 na dukkan 'yan majalisa, mutum 22 ke nan. Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushe tsigewar a watan Disamban shekarar, Ladoja ya koma kujerarsa. Yanzu a ce kalma ɗaya muke da ita ga abubuwan biyu, yaya za ka yi wa mutumin kasuwa bayanin wannan shari'a?

Sulusi kuma, Honarabul, matsalarsa ita ce ka ɗaure kalmar da lamba, alhali lambar ba ɗaya ba ce a ko'ina. Gaskiya ne sashe na 54 ya sa kashi 1 cikin 3 ga Majalisar Dattawa da ta Wakilai, wato sanata 37 cikin 109 da wakili 120 cikin 360. Amma ƙananan hukumomi 774 ɗin nan, sashe na 7 ya bar tsarinsu ga dokar da kowace jiha ta yi, saboda haka ba za ka rantse cewa abin da ke takardar Malam Akawu shi ne a takardar kowa ba. Idan ka leƙa waje kuwa abin ya fi haka bambanta. A Ingila dokar ƙananan hukumomi ta 1972 rubu'i ta nema ga manyan majalisun yankuna, ƙananan majalisun ƙauyuka kuma sulusi ko mutum 3, duk wanda ya fi yawa. Majalisar wakilansu ta ƙasa mai kujera 650 mutum 40 kacal take nema. A Amurka sai fiye da rabi. Ranar da Ɗan Jarida zai ba da labarin majalisar Amurka, sai ya ce "sulusinsu fiye da rabi ne"?

Ɗan Jarida:
Na karɓi gyara, Barista. Amma "adadin da ake buƙata" fa, me ya yi?

Barista:
Bai yi laifi ba, bai dai faɗi komai ba. Buƙata don me? Kashi 2 cikin 3 na tsigewa ma adadin da ake buƙata ne. A labarin minti ɗaya zai wuce, a takardar da za a iya kai wa gaban alƙali ba zai wuce ba.

Na Maiwurno:
Salamu alaikum 'yan uwa, daga Sudan nake bin zancen. Mu nan da Larabci ake harkar hukuma, kuma abin da ake ce wa wannan abu shi ne "annisabul ƙanuni", nisabin doka ke nan. Idan majalisa ta kasa zama sai ka ji a labarai an ce nisabi bai cika ba. Haka ake faɗa a Masar da sauran ƙasashen Larabawa. Ina ta mamaki da na ga kuna ta kewaye, don na san nisabi tsohuwar kalma ce a bakin Bahaushe.

Malamin Zaure:
Madalla da wannan baƙo, ya riga ni da taki ɗaya. Nisabi ba ya buƙatar a gabatar da shi ga kowa. Manomi ya san shi a bakin rumbu, Bafulatani ya san shanu 30, mai awaki da tumaki ya san 40, mai raƙuma ya san 5, ɗan kasuwa ya san dinari 20. Ma'anarsa guda ce a duk wuraren nan: iyakar ƙasa, wadda idan abu bai kai ta ba hukunci ba ya hawa kansa. Kuma ku lura, kalmar ba ta ɗaure da lamba ba, abin da Barista yake nema ke nan. Nisabin shanu daban, na awaki daban, amma duk nisabi ne.

Shi kansa tunanin cewa taro ba ya ƙulluwa sai da wani adadi ba Bature ne ya kawo mana ba. A mazhabar Malikiyya Juma'a ba ta inganta sai da maza 12 ban da liman, kuma su tsaya tun daga huɗuba har sallama. Shafi'iyya 40 suke nema. Duk ƙauyen da aka taɓa gardamar buɗe masallacin Juma'a an yi wannan lissafi da yatsu.

Tsohon Kansila:
Allah gafarta Malam, wato yanzu mu da awaki ma'auninmu ɗaya?

Mai Shayin Sakatariya:
Baba, awaki sai sun kai 40. Ku 4 ma kun isa. Ai an girmama ku.

Ɗalibin Shari'a:
Allah gafarta Malam, ina da ishkali, a yi mini afuwa idan na yi kuskure. Nisabin zakka sababi ne na wajabci: dukiya ta kai, zakka ta wajaba. Abin da Malam Akawu yake nema kuwa sharaɗi ne na inganci: mutane sun kai, zama ya inganta. Cikar kansila 4 ba ta wajabta musu komai, dama kawai take ba su. Ina tsoron kada mu ɗauko kalmar wajabci mu ɗora ta a gurbin inganci. Sannan abu na biyu, wannan lafazi ne na ibada, ko ya dace a kai shi zauren da ake jifa da kujeru?

Malamin Zaure:
Tambaya mai kyau, ɗana, Allah ya ƙara fahimta. Da nisabi a kan zakka kaɗai ya tsaya a Hausa, da na ba ka gaskiya. Amma ka dubi sanarwar da ake fitarwa a kai a kai bisa farashin zinare, wadda jaridu da gidajen rediyo suke yaɗawa. Nisabin zakka ne kaɗai a ciki? Akwai mafi ƙarancin sadaki, rubu'in dinari a mazhabarmu, kuma mutane "nisabin sadaki" suke ce masa. Wannan kuwa ba wajabci yake jawowa ba, iyaka ce da ba a sauka ƙasa da ita idan ana son ƙulli ya tsaya da ƙafarsa. Ka ga bakin jama'a ya riga ya faɗaɗa kalmar kafin mu zo. Larabawan da muka aro ta wurinsu ma sun kai ta majalisa, kamar yadda baƙonmu ya shaida, ba mu ji malamansu sun tayar da ƙura a kai ba.

Batun jifa da kujeru kuwa, majalisa ma daga ina muka samo ta? Ƙuri'a fa, da wakili, da hukuma, da siyasa, da jam'iyya? Nisabi ba sunan Allah ba ne, ba aya ba ce, ma'auni ne.

Malamar Hausa:
Akwai abin da ya rage a raina, kuma ba ni ce zan amsa shi ba. Takardar nan idan ta yi kyau za a kwafe ta zuwa wasu wurare, har inda kansiloli Kirista ne da Musulmi a haɗe, ko Kirista zalla, kuma da Hausa suke muhawara. Kudancin Kaduna, Filato, kudancin Bauchi, Gombe ta kudu. Za su ji kalmar tasu ce?

Mama daga Kafanchan:
Malama, na gode da kika tuna da mu. Ni sakatariyar zumuntar mata ce a cocinmu shekara da shekaru, kuma mu ma muna da wannan matsala, don kundinmu ya ce sai mutum kaza sun zo kafin a taɓa kuɗin asusu. Zan faɗa miki gaskiya, nisabi ba kalmar da muke amfani da ita a coci ba ce, matanmu da yawa sai an yi musu bayani sau ɗaya. Amma zakka muke cewa, da addu'a, da albarka, da sujada. Ba mu taɓa cewa na wasu ne ba. Abin da zai dame ni shi ne a bar ta tsirara, "nisabi" kawai, don a nan hankali zai tafi wajen zakka. Idan an jingina ta da wani abu, ba ni da ja.

Ɗan Zangon Kumasi:
Maganar Mama ta zo daidai da abin da nake son kawowa. A Gana tsarin mulkin 1992 iyaka biyu ya sa wa majalisar dokoki. Sashe na 102 ya ce da kashi 1 cikin 3 za a iya zama a yi muhawara. Sashe na 104 kuma ya ce ba a yanke hukunci sai aƙalla rabin 'yan majalisa suna wurin. Wannan ne ya haddasa rigimar kasafin kuɗi a watan Nuwamban 2021. Kujeru 275 ne a lokacin, ɓangaren gwamnati suka fice, 'yan adawa 137 suka yi watsi da kasafin. Bayan 'yan kwanaki ɓangaren gwamnati suka dawo suka ce 137 ba su kai rabi ba, suka soke wancan hukunci da mutum 138, har da mataimakin kakakin da ke jagorantar zaman, wanda ya ƙirga kansa. Sai da aka je Kotun Ƙoli, a watan Maris na 2022 ta ce yana da ikon a ƙirga da shi.

A lokacin mun sha wahalar bayyana wannan a zango, kowa na ta "koram, koram", ba a san wanne ake nufi ba. Da a ce muna da "nisabin zama" da "nisabin ƙuri'a", da magana ta ƙare a jimla biyu.

Malamar Hausa:
To ga shi an ba mu a faranti. "Nisabin zama" ya fi "nisabin majalisa" da na fara rubutawa a takardata, domin kwamiti ma yana zama, ƙungiyar Mama tana zama, masu hannun jari a kamfani suna zama. Kuma ya ci jarrabawar da nake yi wa kowace sabuwar kalma, wato ta yarda da aikatau ba tare da an matsa mata ba. Nisabi ya cika. Nisabi bai cika ba. A ƙirga nisabi. Idan wasu suka fice da gangan don zama ya mutu, sun karya nisabi, nisabi ya karye. Gwada wannan da "adadin da ake buƙata" ka ji yadda harshe zai harɗe.

Ɗalibin Shari'a:
Na sallama, Malam. Saura ƙaramin abu: a zakka "kai" muke cewa, dukiya ta kai nisabi. Me ya sa a nan za a ce "cika"?

Malamar Hausa:
Duka biyun suna da gurbi, ya danganta da wanda ka sa a gaba. Mutane su ne suke kai nisabi, shi kuma nisabi cika yake yi. "Ba mu kai nisabi ba", "nisabi bai cika ba". Kada dai a ce "an yi nisabi" ko "an kafa nisabi", wannan Turanci ne sanye da babbar riga.

Na Maraɗi:
Mu nan Nijar ma quorum ɗin ne Faransanci ya ba mu, ba mu tsira ba. A dokar Faransa ta majalisun gari sai fiye da rabin kansaloli sun zo, in ba su zo ba a sake kira bayan aƙalla kwana 3, a zama na biyu kuma ko mutum nawa suka zo hukuncinsu ya zauna. Da kalmarku sai in ce zama na biyu ba shi da nisabi, kun ga ta yi aiki. Sai dai mu tun 2024 da sojoji suka rushe majalisun suka naɗa masu riƙo a madadin magadan gari, ba mu da zaman balle nisabinsa. Ku ajiye muna kalmar har ranar da za a sake zaɓe.

Tsohon Kansila:
Ni dai bakina ya saba da koram, kuma na san 'yan zamaninmu ba za su bari ba. Amma tunda na ga har Barista ya yi shiru, a rubuta nisabin. Abu ɗaya nake so Akawu ya fito da shi fili a Hausar, wanda mu sai da muka shekara a majalisa kafin muka gane shi: idan ba wanda ya miƙe ya yi magana, zama yana tafiya ko da zauren ya zama kango. An sha wuce da abubuwa a haka, ana sallar la'asar mutane sun fita.

Barista:
Ban yi shiru ba, Honarabul, ina kotu ne. Na amince da nisabin zama. Abin da ka faɗa kuma haka yake har a Majalisar Tarayya: sashe na 54 cewa ya yi idan wani ɗan majalisa ya ja hankali cewa ba a kai ba, sai a jira ɗan lokacin da ƙa'idojin zama suka tanada, a sake ƙirgawa ban da mai jagorantar zaman, in har yanzu ba a kai ba a ɗage. Wato haƙƙi ne da sai an nema. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, wannan layi ya ƙara nauyi, don mutum 4 cikin 11 suna iya zama a kan kasafin ƙaramar hukuma guda. Malam Akawu, ka duba ko takardarku tana ƙirga shugaban majalisa ko ba ta ƙirga shi, ka faɗe shi ƙarara, kada ku maimaita ta Gana.

Akawun Majalisa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba, Barista, tamu ba ta ƙirga shi. Ga yadda sashen ya koma:

"Nisabin zama shi ne kashi 1 cikin 3 na dukkan kansiloli, ban da mai jagorantar zaman. Kowane kansila yana da ikon miƙewa a kowane lokaci ya nemi a ƙirga nisabi. Idan aka ƙirga bai cika ba, shugaba zai dakatar da zama na ɗan lokacin da aka tanada, sannan a sake ƙirgawa. Idan har yanzu bai cika ba, sai ya ɗage zaman."

A farkon takardar, wurin bayanin kalmomi, zan sa layi ɗaya mai fayyace nisabin zama saboda irin matan su Mama da duk wanda bai saba da ita ba.

Malamar Hausa:
Ya yi. Cire "a kowane lokaci" ka sa "ko ana tsakiyar muhawara", shi ne abin da Honarabul yake nufi, kuma shi kansila zai fi ganewa.

Akawun Majalisa:
Na gyara. Sashe na gaba shi ne ƙuri'ar da shugaba yake jefawa idan aka yi kunnen doki. Na rubuta "ƙuri'ar raba gardama", sai na tuna 'yan jarida sun riga sun ba wa zaɓen jin ra'ayin jama'a wannan suna. Zan buɗe mata cigiyarta daban bayan sallar isha'i.